Sa'ayi bakwai ne kawai, in ji ni

Ɗan yayata ne ya jawo komai. Yaron yana karatu a Riyad, ya zo hutu Makka ya tarar da mu a Shara Mansur muna shan shayi bayan Isha'i, sai ya hau ba mu labarin tseren gudun da ake yi a can Riyad duk shekara tun 2022. Akwai dogon mai kilomita 42, akwai rabinsa mai 21 da 'yar ɗoriya, ga na 10, ga na 4 na yara da masu tumbi. Wai shi watanni ya kwashe yana atisaye don ya shiga na 21. Dariya ta sa na ƙware da shayi.

Ni fa sana'ata tura keken tsofaffi a Harami. Safa da Marwa sau bakwai wajen kilomita 3 ne. Nan take na buga lissafi: sa'ayi bakwai ke nan, kuma ba Alhaji mai kilo 100 a gabana yana cewa in bi a hankali. Yaro ya ce, "Kawu, tafiya daban, gudu daban." Na ce masa tun ba a yanke masa cibiya ba nake sassarfa tsakanin korayen fitilu. Kafin shayi ya huce ya sa sunana ta waya, na biya kuɗi.

Muka ci hanya kusan kilomita 900. Wanda ya tashi a Makka bai san sanyi ba sai ya kwana a Riyad lokacin hunturu. Gari ne a kan tudu, iskarsa busasshiya, da asuba tana shiga har ɓargo. Da daddare na leƙa kasuwar Batha na sayi takalmi sabo fil, don ni a wurin aiki safa ce kawai tsakanina da marmara. Da asuba kuwa yaro ya ci ayaba da dabino, ni na zauna na share kwanon ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Ba a fita fage da yunwa.

An ba kowa lamba ya maƙala a ƙirji. A bayanta akwai wani ɗan abu da ke magana da shimfiɗun da aka ajiye a kan titi, duk wadda ka taka sai ta rubuta lokacinka. Wato ba yanke. Na tambaya ne don ƙarin ilimi kawai.

Ana busa ƙaho na hango wani siririn mutum da tuta a bayansa, jama'a na biye da shi. A garinmu mai tuta shi ne jagoran ayari, wanda ya rabu da shi ya ɓata. Na manne masa. An rubuta 1:45 a jikin tutar, na ɗauka lambar ayari ce, ashe alkawari ne cewa cikin awa ɗaya da minti 45 zai kai mabiyansa ƙarshe. Bakina kuma ya koma aikinsa, ina ta "Ɗarik, ɗarik ya Hajj!" Wallahi mutane suka riƙa darewa. Na wuce yaron nan har ina ɗaga masa hannu.

Wajen kilomita na 6 mai tuta ya tafi da ayarinsa ba ko sallama. A nan hannuwana suka rasa abin yi. Sai in ga sun miƙe gaba da kansu suna laluben mariƙi, in mayar da su, su sake miƙewa. Ashe duk shekarun nan rabin nauyina a kan keken yake. Ina tura Alhaji, Alhaji yana ɗauke da ni. Ga shi a sa'ayi ana isa Marwa a tsaya, mai keke ya numfasa yayin da Alhaji ke addu'a, iska mai sanyi na busowa, Zamzam na gefe. Sassarfar ma 'yar taƙi ce. Nan kuwa titi ne miƙaƙƙe, ba dutsen da za a juya a kansa, ba mai cewa a dakata ya karanta littafi.

A kilomita na 11 ful ya nemi a saurare shi. Ba zan tsawaita ba. Akwai layi, kuma na gane cewa ba ni kaɗai na karya da wake ba.

Da na fito, takalmi ya riga ya fara cin dunduniya, tsokar ƙafata ta dama ta ɗaure tam. Wani bawan Allah ya ga ina ɗingishi ya miƙo mini 'yar leda ƙarama ya wuce. Na yage, na ga abu mai yauƙi, na ce man zafi ne, na tsuguna na mulke ƙafa da shi sosai. Can gaba na ga wasu suna tsotsar irinta. Sukari ne dafaffe da ake sha don ƙarfi ya dawo. Ƙurar Najadu, yankin Riyad, duk ta taru a ƙaurina, safa ta manne da gashi. A lokacin Habashawa da 'yan Kenya, da ke cinye wannan nisa cikin kusan awa guda, sun daɗe da yin wanka. Wata dattijuwa mai furfura ta wuce ni ta ce, "Yalla ya ammi!" Ni ne ma baffanta.

Taimako ya zo a kilomita na 17. Wani matashi cikin masu raba ruwa yana fama da amalanke cike da katan-katan, yana turawa a karkace. Ban san lokacin da na ce masa kawo ba. Ina kama mariƙin nan bayana ya miƙe, ƙafa ta gane gida. Na wuce mutum biyar, har da dattijuwar. Matashin yana bina a guje yana roƙo, sai da muka zo teburin gaba ya ƙwace kayansa. Daga nan sai jan ƙafa da salati.

Na taka shimfiɗar ƙarshe awa uku ta wuce da daɗewa. Aka rataya mini lambar ƙarfe a wuya. Ɗan yayata ya canza kaya har ya ci abinci, yana tsaye da waya yana ɗaukata. Ya ce, "Kawu, sa'ayi nawa ke nan?" Na ce lissafina daidai yake, kayan aiki ne ba su ba ni ba.

Na dawo Makka ina sauka daga bene da baya-baya, sallah a zaune. Hajiya ta karɓi lambar ta jujjuya, ta ƙwanƙwasa ta da farce.

"Zinare ne?"

"A'a, Hajiya."

"To nawa suka ba ka?"

"Ni na biya su."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta juya ta ce wa matata, "Daga yau ke za ki riƙa ajiye masa kuɗinsa."