Kanar ɗin da kuke cewa bai tara komai ba

Mutum ya yi shekara 35 cikin kaki, ya rasu, ko sadakar uku ba a yi ba, sai ga masana a ƙarƙashin sanarwar ta'aziyya: "Wai a Kanar ya ƙare? Gida ɗaya tal?" Sannunku da lissafi. Da ya bar rukunin gidaje a Maitama, ku ne za ku fara kiransa ɓarawo.

Kanar mai gida ɗaya bai gaza ba. Wanda ya san yadda ake hawa a soja ba zai furta wannan maganar ba. Hafsan sojan ƙasa da ya bi kwas na dindindin a NDA Kaduna, makarantar horas da hafsoshin soja, shekara biyar yake yi kafin a liƙa masa anini ɗaya. Daga Laftanar zuwa Kyaftin jarrabawa ce, daga Kyaftin zuwa Manjo wata jarrabawar, ta rubutu da ta daji. Sai kwas na manyan hafsoshi a Jaji. Mai neman Birgediya kuma sai ya ratsa ta Kwalejin Tsaro ta Abuja ko makamanciyarta, kuma ko ya ratsa, kujerun sama kaɗan ne. Ga al'adar nan: in aka ɗauko na baya aka ba shi shugabancin runduna, na gabansa sukan tattara. A 2021, bayan hatsarin jirgin da ya kashe Janar Attahiru, shugaban rundunar sojan ƙasa, ɗan kwas na 35 a NDA, Faruk Yahaya na kwas na 37 aka naɗa a gurbinsa. Manyan da suka riga shi shiga, da yawansu gida suka nufa ba tare da wani laifi ba.

Za ku ce ai wasu sun tara. To, sun tara. Je ku tambaye su inda suka samo, ba shi ne albashin ba.

Abin da ba ku gani shi ne gidan. Kowace shekara biyu ko uku ana iya tayar da mutum: yau Bauchi, gobe Fatakwal, jibi Monguno inda ba a zuwa da iyali. Yaro ya canza firamare uku kafin aji shida. Gidan bariki aro ne, ranar da aiki ya ƙare ko rai ya yi halinsa, wa'adi ake ba iyali su fita. Don haka gida ɗayan nan da kuke rainawa shi ne ya hana matarsa da 'ya'yansa rakuɓewa a ɗakin ƙanin miji. Haka takardu. Hafsoshi nawa ne suka rubuta sunan wa ko ƙane a fom ɗin magaji tun suna samari, suka yi aure, suka haihu, ba su sabunta ba? Sai an je karɓar haƙƙi rigima ta tashi, alhali sunan da ke fom mai karɓa ne kawai, ba shi ke soke rabon gado ba. Wanda ya gyara wannan tun yana raye, wallahi ya yi wa iyalinsa abin da lambar girma ba ta yi. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Af, masu zuwa cin kifi a kasuwar Mami, kun san matar soja ce ta fara ta? Mammy Ochefu, da 'yar sana'ar kunu a barikin Inugu. Mijinta Anthony Ochefu sai daga baya ya zama gwamnan soja a 1975. Shi ma Kanar ne.