Ƙungiyar unguwa da rani ake kafa ta

Duk wanda ya yi damunar 2020 a Argungu ko Augie ko Bunza ba ya bukatar a ba shi labarin ambaliya. Tsakanin ƙarshen Agusta da farkon Satumba Gulbin Rima ya cika ya batse, Kwara ma ta tumbatsa ta wajen Bagudo da Yauri, shinkafar fadama ta nutse tana gab da nuna, kuma ruwan bai tsaya a gona ba sai da ya shigo gari ya jiƙe gindin katangu suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kafin nan mun ga ta 2010, wadda ta biyo ta madatsar ruwa ta Goronyo, kuma a Agustan 2024 'yan'uwanmu na Gummi a Zamfara suka ga tasu. Maganata a yau kan abin da ke biyo bayan janyewar ruwa ne, lokacin da motocin agaji suka juya, masu ɗaukar hoto suka watse, aka bar magidanci tsaye a kan tulin ƙasar da jiya-jiya ɗakin matarsa ne.

A unguwarmu, bayan taimakon Allah, abin da ya tsayar da mu shi ne wata ƙaramar ƙungiya da dattawa suka kafa tun da daɗewa domin gyaran maƙabarta da yashe kwata. Ba ta da ofis, amma tana da ma'aji da kowa ya yarda da shi, da littafin shiga da fita, da ɗan kuɗin da gidaje ke zubawa kowace Juma'a. Na ga unguwannin da sai da ruwa ya ci su sannan suka zauna kafa kwamiti, kuma makonni suka wuce ana jayayya kan wanda zai shugabanta, domin kowa ya san kaya na tafe. Amanar da ba a gwada ta kan kuɗin gyaran kwata ba, da wuya a miƙa mata buhunan shinkafa da bandir na kwano hankali kwance.

Aikin farko da muka yi shi ne rubuta asarar kowane gida, kuma har gobe ina ganin shi ne mafi muhimmanci. Mun zaga da mai unguwa da wakilin liman da dattawan mata biyu, domin namiji iyakarsa zaure, kuma maigida zai lissafa maka ɗaki da katanga da rumbu ya manta da injin markaɗen matarsa, ko buhun gyaɗar da take ƙuli-ƙuli da shi, alhali wannan jarin ne ke saya wa yara sabulu da littafin makaranta. Mun sa 'yan haya a ciki, waɗanda aka saba tsallakewa saboda ginin ba nasu ba ne, ko da yake tabarma da tukunya da hatsin da suka tafi nasu ne. Da muka gama, aka karanta sunayen a ƙofar masallaci bayan la'asar, mai gyara ya yi gyara a bainar jama'a. Jami'an hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, wato NEMA, da na takwararta ta jiha sunaye suke nema in sun zo, kuma idan unguwa ba ta da takardar da jama'arta suka shaida, wani mai uwa a gindin murhu zai kawo tasa.

Sai gini. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kowa ya sani, kuma aikin gayya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Inda wuya take shi ne gidan wa za a fara. Mun tsayar da cewa matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu, da tsofaffin da ba su da mai yi musu, su ne a gaba, shugabannin ƙungiya kuma su ne na ƙarshe. An yi gunaguni, har wani abokina ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da daɗin rai, amma da hunturu ya kama, samari suka shiga kwaɓa ƙasa da buga tubali, magina suka sadaukar da yini ɗaya a mako, mata suka ɗauki nauyin abincin masu aiki, gunagunin ya mutu da kansa.

Akwai wurin da muka gaza, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Mun mayar da gidaje da yawa a daidai inda suke, kuma yadda suke. Ginin ƙasa ba daga sama ruwa ke kayar da shi ba, daga gindi ne: idan ruwa ya kwana biyu ko uku a jikin katanga, ƙasar ta sha ta yi laushi, nauyin azara da rufi ya ƙarasa ta. Da mun haɗa kuɗi mun yi wa kowane ɗaki harsashi na dutse ko layin bulo kaɗan da siminti, sannan a ɗora tubali a kai, da mun gina ɗakuna ƙasa da waɗanda muka gina, amma da ba mu kwana da fargaba duk lokacin da hadari ya haɗo ba. Mun yi gaggawa saboda mutane na kwana a azuzuwan makarantar firamare, kuma ban zargi kowa da wannan ba, domin ni ma ina cikin masu cewa a yi sauri. Haka kuma ba mu ɗaga bakin rijiyoyi ba, bayan mun ga yadda ruwa ya haɗe masai da rijiya, wanda shi ne hanyar amai da gudawa.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne kududdufai. Kakanninmu daga nan suka ɗebi ƙasar gina gari, kuma ramukan su ne ke shanye ruwan sama idan ya yi yawa. Mun cike su da shara, an yanka filaye an sayar, an toshe hanyar ruwa da katanga, sannan muna mamakin ganinsa a tsakar gida. Ba abu ne mai sauƙi ba ka dubi dattijon da ya haife ka ka ce masa, "Baba, a yi haƙuri, nan ba wurin sake gini ba ne," musamman idan ya sayi filin da guminsa kuma ba shi da wani. Mutum ɗaya ba zai iya faɗin haka ba, amma ƙungiya za ta iya, in har ta fara zuwa wurin hakimi da ƙaramar hukuma ta nemo masa fili a kan tudu kafin ta buɗe baki.

Kada a fahimce ni da cewa gayya za ta ɗauke wa gwamnati nauyinta. Gada da kwalbati da manyan magudanai sun fi ƙarfin karo-karon Juma'a, haka ma iri da taki da injin ban ruwa da manomin da ya rasa damuna ke bukata don ya farfaɗo da noman rani. Sai dai koken da ya zo a rubuce da sa hannun unguwa guda ya fi na mutum ɗaya nauyi a kowane ofis.

Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, da ta lura da ruwan koguna, NIHSA, suna fitar da hasashen damuna da na ambaliya tun kafin ruwan farko ya sauka, kuma ana faɗa a rediyo. Lokacin zama ke nan, a Maris ko Afrilu, ƙasa a bushe, kwata a fili. Na roƙi sakatarenmu ya sa abu biyu a gaba a taro mai zuwa: bakin rijiyoyin da ba mu ɗaga ba, da kududdufin gabas da masallaci, wanda na ga an fara kafa masa turaku.