Masu firam, ku daina shafa wa tsohon hoto gam

Da masu sana'ar saka hoto a firam nake yau, kuma da kyakkyawar niyya. Akwai aikin da bai kamata ku riƙa karɓa da garaje ba, wato tsohon hoton da babu irinsa a ko'ina. Hoton Alhaji da aka ɗauka a Makka a shekarun 1970, ko na ranar naɗin sarautar kakan wani, ko na auren iyayen da duk sun riga mu gidan gaskiya. Wanda ya ɗauka ya rasu, shagonsa ya koma na cajin waya, fim ɗin kuwa ba wanda ya san inda ya shiga. In wannan ya lalace a hannunka, ina za ka samo wani?

Abin da yake ci mini rai shi ne yadda ake yi masa aikin kalanda. A shafa gam a bayansa, a manna a kwali ko falanki, a danne da gilashi, a buga ƙusoshi. Ranar karɓa kam sai son barka. Ɓarnar sai daga baya take fitowa. Fuskar irin wannan hoto tana da wani siririn shafi da ke yin laushi in ya sha danshi, to da damina ta yi nisa sai ya manne da gilashi. Duk ranar da aka ce a raba su, rabin fuskar mamacin ce za ta bi gilashin. Salatif kuma yakan tsufa ya yi ruwan ƙasa, ya bar tabo a kusurwa huɗu, har farar babbar riga ta koma kamar an zuba mata shayi. Mafi muni laminatin: an gasa hoto cikin leda, kuma ba a warware shi.

Kada mai firam ya ɗauka asarar ta mai hoto ce kaɗai. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda duk wanda ya karanta Risala ya sani, mai sana'a yana lamunin kayan da ya karɓa ya keɓe da su, wato shi zai biya in sun lalace, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. To kuɗin firam nawa ne? Kuma da me za ka biya mutum fuskar mahaifiyarsa? Reza ta zame, ko yaron shago ya ɗora kofin ruwa a kai, shi ke nan an shiga rigimar da har gaban hukuma tana iya zuwa.

Ni dai a ganina, kafin ka taɓa, ku duba hoton tare da mai shi, ka ɗauke shi gaba da baya da wayarka, duk wata tsaga ko karaya a gan ta tun a lokacin. Sannan a yi sikanin, wato a kwafe hoton cikin kwamfuta, a wanke sabo, shi za a rataye a falo, na asali ya koma ambulan inda rana da laima da gara ba sa kai wa. In ya nace sai na asalin, to babu gam, babu salatif. A riƙe shi da 'yan aljihunan takarda a kusurwa, a kewaye shi da kati mai kauri yadda gilashi ba zai taɓa shi ba.

Mu masu kai aiki ma mu rage ciniki a nan. Wanda ya ce maka aikin zai ɗauki mako guda kuma kuɗinsa ya fi na kullum, shi za ka bar wa hoton.