Tocilan leza da silin gashi

Na ji daɗin labarin da kuka kawo na masanan da suka nuna ƙwayoyin haske masu ɗimbin yawa suna tafiya baki ɗaya a yanayin kwantam, wato bisa dokokin fiziks na abubuwa mafi ƙanƙanta. Ni malamin fiziks ne a Katsina. Makon jiya na rufe tagogin aji, na haska tocilan leza a kan silin gashi guda, sai ga jajayen ɗigo sun jeru a bango, haske da duhu bi da bi. Yara suka yi tsit. Wannan somin-taɓi ne idan aka kwatanta da aikin masanan. Wuyar aikinsu riƙe daidaiton tafiyar ƙwayoyin, domin ɓatan ƙwaya ɗaya tak na iya rusa shi. Binciken irin wannan ya ba Serge Haroche, masanin fiziks ɗan Faransa, kyautar Nobel a 2012. Don Allah ku bayyana mana yadda masanan suka auna wannan daidaiton.