Kwano ya mayar da ɗakina tanda

Wallahi na gaji da zafin gidanmu na cikin garin Bauchi! Kakanmu ya gina shi da tubali, rufin soro, azara da ƙasa, ko a tsakiyar Afrilu ka shiga ɗaki sai ka ji kamar ka jingina da randa. Aka ce soro na yoyo da damina, aka ɗora kwano, to ga shi nan, ƙarfe biyu na rana yana ƙas-ƙas, ka fasa ƙwai a kai sai ya soyu. Na sa silin na kwali, damina ɗaya ya jiƙe ya yi tumbi kamar cikin wata tara, ɓeraye kuma suka mayar da samansa filin ƙwallo. Kafinta ya ce a cusa soso tsakanin kwano da silin, da ya faɗi kuɗin sai da na tambaye shi ko har da sabon gida. Fanka? In an kawo wuta ma, hucin take juya mini a fuska. Hadari ya haɗu ya ƙi sauka, matashin kai ya jiƙe sharkaf da gumi, yara duk ƙurajen zafi. In fito tsakar gida da tabarma? Sauro na can yana jirana, har da danginsa.