Ƙarin ganye a abincin kajin ƙwai: a tambayi gwaiduwa

Tun da Tarayyar Turai ta hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don saurin girma, daga farkon shekarar 2006, kasuwar kayan tsirrai ta buɗe. Man kanumfari, kirfa, tafarnuwa, kurkum da barkono duk sun shiga buhun abincin kaji. Ba na adawa da hakan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɗaukar cewa duk abin da ya fito daga ganye ba ya buƙatar awo, kuma ba ya barin komai a cikin ƙwai.

Sinadarai irin su yujinol na kanumfari da taimol na ganyen ƙamshi da ake kira thyme, hanji kan tsotse su tun a farkonsa. Daga nan sai hanta ta sauya su yadda za su narke a ruwa, ƙoda ta tace, su fita tare da kashi. Mafi yawansu haka suke tafiya, kuma da wuri. Amma hantar da ke wannan aiki ita ce ke haɗa kitsen da ake gina gwaiduwa da shi, don haka duk sinadarin da ke narkewa a mai yana da hanyar zuwa can. Farin ƙwai cikin kamar awa 3 ake yin sa, ɓawo kusan awa 20, gwaiduwa kuwa tana ɗaukar wajen kwana 10 tana taruwa kaɗan-kaɗan. Ke nan ko yau aka janye ƙarin, sauransa zai ci gaba da fitowa a gwaiduwa fiye da mako guda.

Mai shakka ya dubi jan barkono. Kaza ba ta jin yajinsa, amma launinsa yana bayyana a gwaiduwa sarai. Wannan ba illa ba ce, har so ake yi. Ta wannan hanyar dai gosifol, wata guba da ke cikin angurya, ke bi, ya haɗu da sinadarin ƙarfe, gwaiduwa ta koma kore-kore mai duhu bayan ƙwan ya ɗan daɗe a ajiye. Shi ya sa Turai ta ƙayyade shi a miligiram 20 cikin kowane kilo na abincin kajin ƙwai. Akwai kuma estiragol da safurol, da ke cikin man wasu ganyaye da kayan ƙamshi, waɗanda aka gano suna iya lalata ƙwayar halitta. Hukumar EFSA, mai kula da lafiyar abinci a Tarayyar Turai, tana bin diddiginsu kafin ta ce wani mai ba shi da haɗari, kuma ta yi daidai.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wurin haɗi. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana. Idan an ce a zuba giram 200 a tan ɗaya, rabon kowace kaza bai wuce miligiram 24 ba. Abu kaɗan haka ba a watsa shi cikin tan kai tsaye. A fara cuɗa shi da kilo 5 na garin masara, a juye cikin kilo 50, sannan a haɗa da sauran. In ba haka ba, wasu kajin za su ci ninki goma, wasu ko ƙanshinsa ba za su ji ba, kuma waɗanda suka ci da yawa su rage cin abinci, ƙwai ya ragu. Zafin injin dunƙula abinci yana korar man ƙamshi, haka ma buhun da aka bari a buɗe. Garin ganyen da bai bushe sosai ba kuma yana jawo fumfuna, gubarta kan hanta take sauka.

Kafin a ba dukan garke, a ware keji ɗaya na tsawon mako uku, ana auna abinci da yawan ƙwai, ana ajiye wasu ƙwai a fasa bayan mako biyu a duba launi da wari. Kuma duk kwalin da bai rubuta sunan sinadarin da ke aiki da adadinsa a kilo ba, sai dai "haɗin ganye na musamman", bai kamata ya shiga abincin kajin da mutane ke cin ƙwansu kullum ba.