Shari'ar Umda da Amarya

Kakanninmu sun baro Burmi bayan yaƙin 1903, suka yi ta tafiya har bakin kogin Nilu a Sudan suka kafa garin Mai Wurno don su zauna lafiya. Ni jikansu kuwa, kaza ɗaya ta hana ni shan shayi a tsakar gidana.

Jar kaza ce, yara suka sa mata suna Umda, wato dagaci, saboda ba a cin tsaba sai ta ƙoshi. Kaji bakwai ne a akurki, kowace ta san matsayinta, har ranar da na je kasuwar Sinnar na ga wata farar sagara na saya, muka sa mata suna Amarya. Ina dawowa da tsakar rana na kwance mata ƙafa na sake ta cikinsu, ina ta washe baki.

Umda ta karkace kai ta dube ta da ido ɗaya, irin kallon da uwargida ke yi wa lefen kishiya. Kafin in ajiye jaka ta kai mata sara a ƙeya. Sauran ma suka bi layi, kowace ta ɗana. Kwana uku wuyan Amarya ya zama kamar an fige ta za a sa a tukunya, ga jini ya fara tsattsafowa. Kaji kuwa in sun ga ja, shi ke nan, sai su yi ta caka baki a wurin. Zakaran da ya kamata ya raba faɗa yana can kan katanga yana gyaran murya.

Na fara da nasiha, wallahi har da ɗaga yatsa. Da abin ya ƙi, na cire takalmi na bi Umda. Ta zagaya rakuba, wato rumfa, na zagaya. Ta shige ƙarƙashin angare, wato gadon igiya, na sunkuya, santsi ya kwashe ni na zauna daram cikin kwanon dusa da aka jiƙa. Inna tana kan tabarma tana tankaɗen garin kisra, wato gurasar dawa, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kai da hankalinka, wa ya ce maka ana kai baƙuwar kaza da rana? Da dare ake sa ta, su wayi gari tare. Kuma kasko ɗaya ka ajiye wa baki takwas."

"To Inna, yanzu yaya za a yi?"

"Kife mai laifin a kwando mako guda. Ka ƙara kasko. Ka rataya musu ganye su sami abin yi."

Ƙanena da ya yi jami'a a Madani ya sa baki, wai tun 1921 wani masani ɗan ƙasar Nowe ya yi rubutu kan yadda kaji ke jera kansu, babba ta tsattsagi ta ƙasa da ita. Inna ta ce ai da ya zo ya tambaye ta, da ya huta da ɓata takarda.

Ciwon Amarya kuma na samo maganin nan mai launin shuni da ke rufe jan jini. Ina cikin shafawa ta yi fiffike ɗaya, kwalbar ta tuntsure a kan farar jallabiyata. Ranar Juma'a ce. A masallaci wanda ke kusa da ni ya yi ta kallon hannuna, bayan sallama ya tambaye ni ko na koma rini.

Umda ta yi kwana bakwai a kurkuku, tana cin dawar feterita ita kaɗai tana harara ta ramukan kwando. Da na sake ta, ashe an yi juyin mulki. Ta nufi kasko da tafiyar ƙasaita, sai wata ta yi kukan kura ta kai mata sara a zanko. Na duba da kyau: Amarya ce, da wuyanta shuɗi, wadda na ɓata jallabiya dominta.

Na ce a kawo wuƙa, yau akwai miyar kaza. Inna ta ce ba a gidanta ba, Umda ta fi kowa ƙwai, Amarya kuma kuɗinta bai fito ba tukuna.

Yanzu kasko huɗu ne a tsakar gida, ɗaya a bayan randa inda ba a hango shi. Umda ta dawo cin abinci ƙarƙashin angarena, tana gudun hijira. Jiya da la'asar ina kishingiɗe, da ta rasa wanda za ta fi ƙarfi, sai ta sari babban yatsana.